Ƙasar da Ruwa Ya Rarake: Yadda Ake Yawon Duwatsun Kast da Kogwanninsu

Akwai irin ƙasar da za ka yini kana tafiya a kanta ba ka ga rafi ko ɗaya ba, alhali ana tafka mata ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ruwan yana nan, a ƙarƙashin ƙafarka yake gudu. Irin wannan ƙasa ce masana ke kira kast, sunan da aka aro daga tudun Kras da ke kan iyakar Sulobeniya da Italiya, kusa da birnin Trieste. Sunan ya bazu a duniya bayan nazarin da masanin ƙasa ɗan Sabiya, Jovan Cvijic, ya wallafa a 1893. Kusan kashi 15 cikin ɗari na doron ƙasa, in an cire inda ƙanƙara ta rufe, dutse ne irin wanda kast ke samuwa a jikinsa, tun daga Guilin ta ƙasar Sin har Kentucky ta Amurka.

Mafi yawansa dutsen farar ƙasa ne, wanda ake ƙonawa a yi siminti, sai danginsa dolomait da jibsam. Ruwan sama kan ɗebo iskar kabon daga sama, ya ƙara ɗibar wadda ta fi yawa a cikin turɓaya inda saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitar da ita, sai ya yi ɗan tsami-tsami. Wannan tsamin ne ke lasar dutsen a hankali. Ya bi ƙaramar tsaga ya mai da ita kwararo, kwararo ya zama rijiya, rijiya ta zama kogon da jirgin sama zai iya shiga. Duk wanda zai yi yawo a irin wannan wuri, ruwan nan da ba ya gani shi ne ke yanke masa inda zai taka, abin da zai sha, da ranar da zai shiga kogo. In ka riƙe wannan, sauran bayanin duk rassa ne.

Karanta ƙasar kafin ka taka ta

Nemi taswirar takarda mai ma'aunin 1:25,000, wato santimita 4 a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa. Taswirar waya tana da amfani, ka sauke ta tun kana da intanet, amma a cikin kwazazzabo mai tsayin bango siginar tauraron ɗan'adam kan yi ta tsalle, ta nuna ka a inda ba ka. A ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ta aiki sam. Kamfas yana aiki ko'ina, domin farar ƙasa ba ta jan allurarsa.

Abu na farko da za ka lura a taswirar kast shi ne da'irori da yawa a rufe. A wata ƙasar da'ira tudu ce. A nan sau da yawa rami ne, kuma ana gane shi da 'yan gajerun layuka da aka ja suna kallon ciki. Wanda bai san wannan ba yakan shirya hawa, ya iske gangara. Waɗannan ramuka, da ake kira dolin, iri biyu ne. Akwai mai siffar ƙwarya, wanda ruwa ya narkar sannu a hankali, gefensa mai laushi da ciyawa. Akwai wanda rufin kogo ne ya rufta, bangonsa a tsaye ƙiƙam. Ramin Macocha na Jamhuriyar Cek irin na biyun ne, zurfinsa mita 138, ana leƙa shi daga dandamali mai shinge. Na Xiaozhai a ƙasar Sin ya haura mita 600.

Sai ka bi shuɗin layin rafi da yatsa. In ya tafi ya tafi ya tsaya cak ba tare da ya shiga wani kogi ba, nan ne mahaɗiyar ruwa, inda ƙasa ke haɗiye rafin. A kogwannin Skocjan na Sulobeniya, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1986, kogin Reka yana nutsewa ya yi tafiyar fiye da kilomita 30 a ƙarƙashin ƙasa kafin ya ɓullo a Italiya daf da teku da sabon suna, Timavo. Ko kogin Danube da girmansa yakan nutse a kusa da Immendingen ta Jamus a wasu watanni, a bar gadonsa busasshe har mutane su taka. A 1877 aka zuba gishiri da rini a wurin, bayan kwana biyu zuwa uku suka fito a maɓuɓɓugar Aach, tazarar kilomita 12 kudu, daga can kuma ruwan ya nufi kogin Rhine. Wato tudun da ka gani a sama ba shi ke raba ruwa ba, abin da ke ƙasa ne.

Akwai kuma faffaɗan kwari mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da ake kira folye. Yana da daɗin tafiya da rani, amma zai iya zama tafki. Tafkin Cerknica na Sulobeniya haka yake: wata kakar a yi kamun kifi, wata kakar a yanki ciyawa a wuri guda. Kada ka kafa tanti a tsakiyar irin wannan kwari ko a gadon busasshen rafi, komai kyawun inuwarsa.

Dokar wuri

Wurin da hukuma ta keɓe yawanci an raba shi shiyya-shiyya: inda kowa zai shiga, inda sai da ɗan jagora, da inda aka hana sai masu bincike. Kafin ranar tafiya ka nemi ofishin gandun ka tambayi abu huɗu: wace hanya ce a rufe yanzu, wane kogo ne ke bukatar takardar izini, ina aka yarda a kwana, da yadda ruwa ya kasance cikin mako guda da ya wuce. Tambayar ƙarshe ta fi sauran nauyi, kuma ita mutane suka fi mantawa. Wurare masu cunkoso suna ƙayyade yawan masu shiga a kowace awa, don haka sayen tikiti tun da wuri yana hana ka yini a bakin ƙofa. Gandun tsinin duwatsu na Tsingy de Bemaraha a Madagaska ma rufe shi ake yi da damina, domin hanyar zuwa ba ta biyuwa.

Tafiya a saman dutse

Inda turɓaya ta wanke, dutsen kan fito tsirara a tsattsage kamar daɓen da ya dare, da faifai-faifai na dutse da tsagogi a tsakaninsu. Tsagar kan yi faɗin tafin hannu zuwa kamu ɗaya, zurfinta kuwa daga gwiwa har ya wuce tsayin mutum. Ciyawa da gansakuka da busasshen ganye kan rufe bakinta. A nan ake yawan jin rauni: ƙafa ta zurma, jiki ya ci gaba, ƙauri ya karye. Taka tsakiyar faifan, kada ka taka bakinsa, domin wasu suna lilo kamar haƙori mai girgiɗa. In za ka duba taswira ko ka ɗauki hoto, tsaya tukuna. Sandar tafiya tana taimako a kan turɓaya, amma a nan tsininta kan maƙale a tsaga ya fizge ka, don haka cire madaurinta daga wuyan hannu.

Busasshiyar farar ƙasa tana riƙe takalmi sosai. Da zarar ta jiƙe, musamman inda dubban ƙafafu suka goge ta ta yi sheƙi, santsinta ya fi na sabulu. Takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, mai taurin ƙasa da roba mai kama dutse, shi ne daidai. Dutsen yana cin takalmi, kuma bakinsa na yanka kamar aska, shi ya sa safar hannu ta fata take da amfani ko da zafi ake yi. Sunan tsingy a harshen Malagasi yana nuni ne da wurin da ba a takawa ba takalmi, kuma a can sai an ɗaura ɗamarar hawa an maƙala ta a wayar ƙarfe ake bin wasu hanyoyin.

Wajen lissafin lokaci, ƙa'idar da masu yawon dutse ke bi ita ce awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A kan tsattsagaggen dutse wannan lissafi ba ya aiki. Kilomita ɗaya zuwa biyu a awa shi ne abin da za ka samu, kuma yanke hanya ta cikin ramuka yakan ninka tafiyar, domin kowane dolin sai ka sauka ka hau ko ka kewaye. In hazo ya sauko, ramukan duk kamarsu ɗaya, babu rafin da za ka bi ya kai ka gangare. Tsaya a alamar fenti ta ƙarshe da ka gani, kada ka bar ta sai ka hango ta gaba. In babu, ka koma ta inda ka fito.

Ƙasan dolin yana tara sanyin dare, har a sami raɓa mai daskarewa a ciki alhali bakin ramin da ɗumi. Ramin da ka ga sabuwar turɓaya ta zaftare a gefensa, ko itace ya karkata yana kallon ciki, yana kan motsi ne. Ba shi tazarar mita goma.

Ruwan sha

Ɗauko duk ruwan da za ka sha daga masauki. Rabin lita ga kowace awa ta tafiya cikin zafi, wato lita 3 ga tafiyar awa shida, da ƙarin lita ɗaya ta ko-ta-kwana. Farin dutse yana mayar da hasken rana a fuska, ƙishirwa tana zuwa da wuri fiye da yadda aka saba.

In ka ci karo da maɓuɓɓuga, za ka ga ruwa garai-garai, mai sanyi, shuɗi kamar an rina. Kada kyansa ya ruɗe ka. A ƙasar yashi ruwa kan yi watanni yana tsiyaya, yashin ya tace shi. A kast kwararo yake bi, ya ci ɗaruruwan mitoci a awa guda, babu abin da ya tace shi. Mushen da aka jefa a rami, ko masai da ke wani ƙauye a bayan tudu, na iya iso maka cikin yini biyu. Tafasa shi ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, minti uku in ka haura mita 2,000, ko ka yi amfani da matata da ƙwayar tsarkake ruwa. In ya yi gurɓin laka bayan ruwan sama, bar shi gaba ɗaya. Dalilin nan ne kuma ya sa ba a bahaya ko wanke-wanke da sabulu a cikin dolin ko kusa da mahaɗiya: kai tsaye zai tafi rijiyar wasu. Yi nesa da mita 60 aƙalla, ka tona rami mai zurfin santimita 15 a inda akwai turɓaya, in kuwa dutse ne zalla, a leda ake ɗaukewa.

Kogon da aka gyara wa baƙi

Wanda bai taɓa shiga kogo ba, da wannan zai fara. Akwai fitilu, matakala da ɗan jagora. Kogon Postojna na Sulobeniya yana da jirgin ƙasa da ke shiga da mutane ciki, a kogon Punkva na yankin Morabiya a Jamhuriyar Cek kuma kwalekwale ake shiga a bi kogin ƙarƙashin ƙasa. Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne tufafi. Zafin cikin kogo ba ya bin kaka, yana tsayawa ne a kan matsakaicin zafin shekara na wurin. Postojna digiri 10 ne ko ƙasa kaɗan, kogon Mammoth na Amurka kusan 12, ko da a waje ana narkewa. A ƙasashen zafi kuwa kogon da ɗumi da gumi. Riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe sun wadatar. Gilashin kyamara zai yi raɓa in ka fito daga sanyi zuwa ɗumi, ba shi minti goma a jaka.

Tsinin dutsen da ke rataye a rufi da turakun da ke tasowa daga ƙasa ɗigon ruwa ne ya gina su. Kowane ɗigo yana sakin iskar kabon, ya bar ɗan ɓurɓushin farar ƙasa. A yawancin kogwanni santimita ɗaya kan ci kimanin shekara 100. Maiƙon hannu yana hana ruwan zama a wurin, ya bar baƙin tabo, ginin ya tsaya. Hana taɓawa ke nan. Numfashin mutane da hasken fitila ma suna ɓarna: kogon Lascaux na Faransa, da aka gano a 1940 da zanen mutanen da, sai da aka rufe shi a 1963 bayan gansakuka da farin ɓawo sun fara cin zanen. Yau kwafinsa ake nuna wa baƙi.

Kogon da ba a gyara ba

Nan ne wasa ya ƙare. Ba a shiga sai tare da wanda ya san kogon, ko ƙungiyar masu binciken kogwanni, kuma da izini. Ku kasance huɗu aƙalla: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Ku bar wa wani a waje sunan kogon, ƙofar da kuka shiga, yawanku, lokacin fitowa, da lokacin da zai kira masu ceto in bai ji ku ba. Tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin lokutan biyu ta isa. Da kun fito ku sanar da shi, kada a tashi mutane a banza.

Kowa ya sa hular kwano mai madaurin haɓa, da fitila a goshinta don hannu biyu su zama a sake. Fitila uku kowane mutum, kowacce da batirinta, kowacce kuma za ta iya fitar da shi ita kaɗai. Tocilar waya ba ta cikin lissafi. Duhun kogo ba irin na dare ba ne, ido ba ya sabawa da shi ko an shekara, kuma wanda fitilarsa ta mutu ba shi da abin yi sai zama. Batirin ajiya a sa shi a leda mai zif. Tufafi kuwa, auduga ita ce abokiyar gaba: tana shan ruwa ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi. A sa ulu ko yadin roba a ciki, a ɗora riga mai haɗe da wando mai kauri a sama, da takalmin roba mai dogon wuya, da abin kare gwiwa. A jaka: ruwa, abinci mai ba da ƙarfi nan take, bandeji, usur, kyandir da ashana a gwangwani mai murfi, da babbar leda ko bargon leda mai ƙyalli.

Ɓata hanya yana faruwa ne a dawowa, domin kogo ba ya kama da kansa in ka juyo. A kowace mararraba tsaya ka waiwaya, ka ga yadda hanyar take ta fuskar mai fita. Ƙaramin ramin da kuka rarrafo daga ciki zuwa babban ɗaki shi ya fi wuyar samu, sa masa alamar ƙyalle mai ƙyalli ka cire ta in za ku fita. Ba a fenti, ba a kankare bango. Raba ƙarfinka da haskenka uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na abin da ba a zata ba. A matsatsi, cire jaka ka tura ta gaba, ka saki numfashi a hankali, kuma kada ka shiga da kai a ramin da ya gangara ƙasa ba ka san ƙarshensa ba, domin jiki yana zamewa ciki da sauƙi amma ba ya komowa da baya. Rijiya mai bukatar igiya aikin wanda ya koya ne a waje, da rana, a hannun malami. Jan jiki da hannu a kan igiya ba dabara ba ce, laka na sa ta sulɓi, hannu kuma yana gajiya kafin mita biyar.

Ambaliya

Ita ce ke kashe gwanaye. Ruwan da zai cika kogo ba lalle ne ya sauka a kanka ba, yana iya sauka a bayan tudu, tazarar kilomita goma, ya iso bayan awa biyu ko bayan kwana guda. Saboda haka hasashen yanayin da za ka duba na dukkan yankin da ke zuba ruwa a kogon ne, na ranar da kuma kwana uku kafinta. Ƙasar da ta riga ta ƙoshi da ruwa, yayyafi kaɗan ya ishe ta tumbatsa. Narkewar dusar ƙanƙara ma haka take yi. A Skocjan an sha ganin Reka ta tashi, kuma a manyan ambaliyoyi ta haura mita 100, saboda mafitar ta fi mashigar ƙanƙanta. A ranar 23 ga Yunin 2018 yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang na Tailan a farkon damina, ruwa ya toshe musu hanya. Sai 2 ga Yuli aka gano su, aka gama fito da su 10 ga wata, kuma mai nutso ɗaya, Saman Kunan, ya rasa ransa a aikin.

Kogo yana faɗa maka tarihinsa in ka ɗaga kai. Ganye, ƙirare ko leda a maƙale a rufi, ko danyar laka a saman bango, alama ce cewa wurin yana cika maƙil. In kana ciki ka ga ruwa ya fara gurɓacewa, ko kumfa da ganye suna tahowa, ko ƙararsa ta ƙaru, ko iska ta canza ta fara busowa da ƙarfi, ka fita nan take in hanyar a buɗe take kuma gajeriya ce. Tsinke da aka kafa a bakin ruwa lokacin shiga yana nuna ko yana hawa. In ruwan ya riga ya kama hanya, hau wuri mafi tsayi, sama da layin laka, ku jira. Ambaliyar kast takan sauka, ko da ba da saurin da ta hau ba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da ƙato, kuma masu ƙoƙarin kutsawa su ne ake rasawa.

Sanyi, iska da jemagu

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. A kogo mai digiri 10, jiƙaƙƙen mutumin da ya zauna wuri ɗaya zai fara karkarwa cikin ɗan lokaci. In ka ga abokin tafiya yana tuntuɓe, maganarsa na harɗewa, ya kasa ɗaure igiyar takalmi, sanyi ya kama shi. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani. Raba shi da ƙasa, ya zauna a kan jaka ko igiya, a lulluɓe shi da ledar nan har ka, a kunna kyandir a tsakanin ƙafafunsa da lura, a ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya.

Iskar kabon a waje kashi 0.04 ce cikin ɗari. A wasu kogwanni, musamman na ƙasashen zafi masu ruɓaɓɓen ganye da rashin zagayawar iska, tana taruwa a ƙasan rijiyoyi saboda ta fi iska nauyi. In ta kai kashi 2 zuwa 3 za ka ji haki ba dalili, ciwon kai da faɗuwar gaba. Ashana ta ƙi kamawa ko harshen kyandir ya mutu, to iskar ta lalace ƙwarai. Juya ka hau sama, kada ka zauna hutawa a wurin.

Busasshen kashin jemage yana ɗauke da ƙwayar naman gwari mai kama huhu, wadda alamunta, zazzaɓi da tari, kan fito bayan kwana uku zuwa mako biyu da ɗoriya. Kada ka tayar da ƙurarsa, sa takunkumi mai tace ƙura, in kuma ka yi rashin lafiya gaya wa likita ka shiga kogo. Cizo ko yaƙushin jemage, komai ƙanƙantarsa, a wanke da sabulu minti 15 a nemi allurar haukan kare. Su ma jemagun muna cutar da su. Wanda ke barcin hunturu in aka tashe shi yana ƙona kitsen da zai kai shi bazara, shi ya sa ake rufe kogwanni da yawa a lokacin da kuma lokacin goyo. Cutar farin hanci da aka fara gani a jihar New York a 2006 ta kashe miliyoyin jemagu a Arewacin Amurka, kuma ƙwayarta na bin takalmi da tufafi. Kafin ka kai kaya wani kogon, wanke lakar tas, ka jiƙa su a ruwan zafi mai digiri 55 ko sama na minti 20. A ruwan kogwannin duwatsun Dinarik, na yankin Sulobeniya da Kuroshiya, akwai wata makauniyar halitta fara mai kama da tsaka, olm, da kan yi kusan shekara 100 a raye. Ruwan da ka gurɓata da takalmi gidanta ne.

Hawan bango da wasan ruwa

Farar ƙasa tana da ramuka da maƙalai masu daɗin kamawa, shi ya sa wurare irin su Paklenica ta Kuroshiya suka yi suna wurin masu hawa. Ƙwanƙwasa maƙali da tafin hannu kafin ka ɗora masa nauyi: in ya yi ƙara kamar fanko, a rabe yake. Mai riƙe igiya a ƙasa ya fi mai hawa bukatar hular kwano. A bangon da ke bakin teku a ƙasashen zafi, kamar kudancin Tailan, ƙusoshin baƙin ƙarfe marar tsatsa kan rube ta ciki su karye ba gargaɗi, don haka ake sauya su da na titaniyam. Tambayi masu hawa na wurin wace hanya aka sabunta. Wasu bangayen ana rufe su lokacin da tsuntsaye ke kwanci, allon sanarwa yana bakin hanya.

Tafkunan Plitvice 16 na Kuroshiya, a gandun da aka kafa a 1949, shingayen da suka raba su ba tsohon dutse ba ne. Farar ƙasa ce da ruwa ke saukewa a kan gansakuka, tana girma har yau, kuma takun ƙafa na farfasa ta. Shi ya sa aka shimfiɗa gadojin katako aka hana iyo, haka ma a babban magangarin kogin Krka na ƙasar tun 2021. A rijiyoyin Yucatan na Meziko, da ake kira senote, an yarda a yi iyo a da yawa, amma sai an yi wanka an wanke mai da turare tukuna. Iyo a inda kana ganin sama daban, shiga ƙarƙashin rufin dutse daban. Na biyun yana bukatar horo na musamman da zaren jagora, domin bugun ƙafa ɗaya a laka yana mai da ruwa garai ya zama kunu, a rasa gabas da yamma.

In tsautsayi ya faɗa

A Turai lambar gaggawa 112 ce, a wasu ƙasashen ka nemi tasu da ta ofishin gandun ka rubuta a takarda. Sigina ba ta sauka cikin rami, sai an hau tudu. Faɗi sunan wurin, lambobin taswira, yawan mutane, irin raunin da lokacin da ya faru, in kogo ne ka ce kogo ne tun a jumlar farko, domin masu ceton kogo daban suke da na dutse. Kiran neman agaji da usur ko fitila shi ne sau shida a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita. Wanda ya faɗo daga tsayi kada a motsa shi sai in ruwa ko faɗowar duwatsu na barazana gare shi. Fito da mai rauni daga wurin da lafiyayye ya isa cikin awa ɗaya na iya cin yini guda ko fiye, don haka mutum biyun da za su fita su bar wa na ciki rigunansu na ajiya, abinci da fitila ɗaya, su rubuta lokacin da suka tashi, su sa alama a kowace mararraba don masu ceto su bi.